Neman Shaidu Biyu daga Kalgo zuwa Gwandu

An ce ba wanda zai iya faɗin yadda aka kashe mutanen gidan Sambo, domin wai ba wanda ya saura. An ce ko an so a rubuta, babu abin rubutawa. Shekara arba'in da ɗoriya ina jin wannan magana a zaurukan Gwandu da rumfunan kasuwar Kalgo, daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin ƙofar gidan ba. Wasu sun ce mahayan Kabi ne suka zo da dare. Wasu sun ce aljanun tafki ne aka ɓata wa rai. Wani falke ya taɓa tsare ni da labarin, har da yawan dawakai da launin rawunan mahaya, yana rantsuwa da kabarin ubansa. Na bar shi ya kai ƙarshe, domin ban saba katse wawa ba.

Ni ne autan Sambo. Na yi shekara talatin ina rubuta hukunci a gaban alƙalai, kafin zuwan Nasara da bayan zuwansu, har idona ya gaza na ajiye aiki. Ban taɓa rubuta kalma ɗaya wadda ba ni da tabbacinta ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da na gani zan faɗa. Abin da ban sani ba zan ce ban sani ba.

Tungarmu, wato ɗan ƙauyenmu, tana ƙasar Kalgo, a bakin fadama. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ta cancanci tawada ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta gefen tafki. Mu takwas ne a ciki: Baba, Inna, wana Buhari da matarsa Ige da ɗansu Ummaru, sai yayata Kulu wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta Hafsatu, sai ni. Shekarata ashirin da biyu. Ina karatun fiƙihu a Gwandu, na dawo da damina ne saboda ciwon kurkunu ya kwantar da Buhari, babu mai taimakon Baba a gona.

Ranar Laraba ce. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke kafin rana ta fito. Inna ta ɗumama tuwo. Baba ya zauna a zaure yana gyaran igiyar jaki. Yaya Kulu ta zuba gero a turmi, ta dube ni ina naɗa ɗan rawanina ta ce, "Auta, noma za ka ko wa'azi?" Na cire rawanin. Ita ce ta riƙa aiko mini da gari da daddawa shekara shida ina Gwandu, saboda haka tana da izinin yi mini dariya.

A ranar, mai tunga ya kira gayya a babbar gonarsa, can yamma da gari, kuma kowane gida zai ba da mutum. Ni na tafi a madadin gidanmu.

Ga wanda bai san gayya ba, tana da tsari, kuma tsarin ne shaidata. Maza suna jeruwa, kowa da kunyar da zai nome. Kowa ya san na damansa da na hagunsa. Makaɗi yana biye da su da ganga, wanda ya yi gaba ya yabe shi, wanda ya yi baya ko ya sulale ya kira sunansa da na ubansa a ji kunya. Da walaha, idan mata suka iso da fura, ganga takan tsaya. Haka ake yi tun kakanni, ko yaron goye ya san haka.

Mun kai mu arba'in. Sarkin noma ya kama hannuna ya kai ni kunya ta ƙarshe, can bakin iyaka, wajen wata kuka. Dawa ta wuce kafaɗa. In mutum ya sunkuya, ba ya ganin kowa sai biyu ko uku na kusa da shi. Na ɗauka an kai ni gefe ne don an raina noman ɗalibi, na ƙudura zan ba su mamaki.

Da hantsi aka fara. Ganga ta yi zafi fiye da yadda na taɓa ji. Na lura da abu biyu, ban ba su ma'ana ba. Na ɗaya, tun da aka fara makaɗi bai zagi kowa ba. Na biyu, da na miƙe na share gumi, na hango mata sun iso da ƙoren fura sun zauna a gindin kuka, rana ta kai walaha, amma ganga ba ta tsaya ba. Sai ƙara ƙarfi take yi. Matan ma ba mai magana a cikinsu.

Sai ƙotar hauyata ta tsage.

Na ce zan je gida in ɗauko wata. Mutum uku suka miƙo mini nasu a lokaci guda. A tungar da maƙwabci ba ya ba maƙwabci aron allura sai an yi shaida. Ɗayansu ya riƙe mini riga ya ce, "Zamna, Malam, ka sha hura." Na ce gidan Sambo ba ya noma da hauyar aro. Girman kai ne ya sa na faɗi haka, kuma shi ne ya fitar da ni daga gonar. Na fizge rigata na bi ta cikin dawa.

Tafiyar ba ta da nisa. Ganga tana bina a baya har ƙofar gida.

Baba yana zaure, a inda na bar shi, igiyar tana hannunsa. Inna tana bakin murhu. Buhari bai tashi daga tabarmarsa ba, da ma ba ya iya tashi. Ige ta kai bakin darni da Ummaru a hannu. Hafsatu tana kusa da turmi. Da adda aka yi, da gatari. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba, masu son ƙarin bayani su koma wurin falke.

Ƙasa tana da laima saboda ruwan asuba. Na duba, kuma ina so masu labarin mahaya su ji: babu kofaton doki ko ɗaya. Sawun ƙafa ne, babu takalmi, irin na mutanen da suka fito daga gona. Ba a buɗe rumbu ba. Ba a kwance akuya ba. Mundayen Ige suna hannunta. Jaki yana ɗaure yana cin ciyawa.

A bayan rumbu na ji numfashi. Yaya Kulu ce. An sare ta a kafaɗa, an soke ta a kwiɓi, an ɗauka ta mutu. Idonta biyu. Ta ce, "Auta, na gan su. Su huɗu. Duk ka san su."

A nan ne zan faɗi abin da na yi, kuma ba na neman a yi mini uzuri.

Na karanta cewa idan wanda aka yi wa rauni ya ce jinina yana wuyan wane, maza biyu adilai suka ji da kunnensu, to, magadansa suna iya rantsuwa hamsin a yanke hukunci. Na kuma karanta cewa jin magaji ba ya zama shaida. Na yi tunanin in ta fara faɗa mini, za a ce ni na sa mata sunayen a baki. Babin nan ban daɗe da gama shi ba, malamina ya yaba mini a kansa. Sai na sa hannu a bakinta na ce, "Kada ki faɗa mini, Yaya. Riƙe su. Sai gaban shaidu."

Ta dube ni.

A lokacin ganga ta tsaya. Tsayawarta ta fi kiɗanta ban tsoro. Daga can yamma na ji an ɗaga murya, "Ina ɗan Sambo? Ku duba shi!" Na yage zanen Inna na ɗaure raunukan. Na ɗora ta a kan jaki. Na keta darnin baya, muka bi ta cikin shinkafa, ruwa har gwiwa. Ban rufe fuskar kowa ba. Ban yi wa kowa addu'a ba.

Da la'asar muka kai gefen Kalgo. A bakin gari akwai wani ɗan masallaci, an idar da salla, dattawa bakwai suna zaune a kan buzu suna jan carbi. Na gode wa Allah. Mutum biyu nake nema, ga bakwai. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne, na ce an kashe gidanmu, ga wadda ta ga masu kisan, ina roƙon biyu daga cikinsu su matso su ji abin da za ta faɗa.

Carbi ya tsaya. Ɗaya ya tuna bai ɗaure tunkiyarsa ba. Ɗaya ya ce alwalarsa ta karye, ko da yake sallar ta riga ta wuce. Babbansu, mai farin gemu har ƙirji, ya ce, "Yaro, kai ta gun mai magani. Wanda ya ji, sai ya tahi Gwandu ya maimaita. Wa za ya bar gona ga wanga lokaci?" Na ce jinin mutum shida ne. Ya ce Allah ya jiƙan su.

Yaya Kulu ta ɗaga kai daga wuyan jaki ta ce, "Ku ji, bayin Allah." Sai wani ya yi tsawa, "Kada ta hwaɗi! Mu ba mu jiya ba!" Na ga dattijo ya ja gefen rawaninsa ya toshe kunne. Na ga wani ya bar takalminsa. Kafin in ƙifta ido, babu kowa sai buzayen salla bakwai. Ta buɗe baki za ta jefa musu sunayen ta baya. Na sake hana ta, domin shaida sai ya ga fuskar mai magana. Haka littafi ya ce.

Daga baya na yi aiki da irin waɗannan dattawa shekara da shekaru. Su ne suke cika gaban alƙali idan ana shari'ar akuya.

Wata mata mai sayar da ƙuli ta kira mu bayan gidanta, ta wanke raunukan da ruwan zafi, ta sake ɗaure su. Ta ce kada mu kwana a garin, domin rabin mutanen tungarmu suna da surukai a nan. Na yanke shawarar Gwandu. A can akwai malamina, akwai mutanen da ba sa gudun magana. Muka kama hanyar gabas kafin magariba. Muka kwana a wata bukkar gona, ni a zaune.

Alhamis da asuba muka tashi. Hanya duk taɓo. Jaki yana zamewa, ina riƙe da ita da hannu ɗaya. Jini ya daina zuba, jikinta ya ɗauki zafi. Duk wanda muka hango daga nesa sai mu ratse cikin gero har ya wuce.

Da azahar muka faɗa wata ruga. Maza sun tafi kiwo. Akwai mata biyar da wani tsoho mai sanda. Suka sauke ta, suka shimfiɗa mata tabarma, suka ba ta madara da ludayi. Ba su tambayi ko mu su wane ne ba sai da ta sha. Da na faɗa musu, tsohon ya matso ya ajiye sandarsa ya ce, "Ni ina ji. Ta faɗa." Babbar matar ta ce, "Mu ma muna ji."

Na ce shi ɗaya ne, ana son biyu. Na ce shaidar mata ba ta shiga sha'anin jini.

Matar ta dube ni tun daga ƙafa har kai. Ta ce, "Kai ne ɗan'uwanta?" Na ce ni ne. Ta ce, "Kayya." Alƙalai sun yi mini faɗa a rayuwata, Nasara ma ya taɓa ɗaga mini murya, ba wanda ya kai wannan.

Tsohon ya ce ɗansa zai dawo da shanu da almuru, mu jira, sai su zama biyu. Na auna rana, na auna hanya. Na ce a raina alƙali zai yi tambaya a kan adalcin makiyayan da ba a sani ba, amma ba zai yi tambaya a kan malaman Gwandu ba. Na ce in mun yi sauri za mu shiga gari kafin isha. Na gode musu, na ɗora ta muka wuce.

Da la'asar hadari ya haɗu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin mu kai garin Masama akwai wani rafi wanda da rani yara ke wasa a cikinsa. Muka same shi ya cika ya batse, yana tafiya da itatuwa. Jaki ya ƙi matsawa. Muka fake a gindin tsamiya. Almuru ta yi mana a can, lokacin da ɗan tsohon yake shigowa ruga da shanunsa.

Na lulluɓe ta da rigata. Haƙoranta suna kaɗawa. Ta ce, "Auta, bari in hwaɗa maka. Ba don alƙali ba. Sun yi mini nauyi."

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya. Da safe muna Gwandu."

Ta ce, "To, Malam."

Ba ta taɓa kirana Malam ba sai in za ta yi mini dariya. A wannan karon ba ta yi dariya ba.

Juma'a da asuba ruwa ya ja. Na goye ta muka ƙetare, na koma na jawo jaki. Na yi mata magana a hanya, ba ta amsa ba. Da hantsi muka shiga Gwandu. Malamina yana zaure da ɗalibai. Da ya gan mu bai tambayi kome ba sai da ya sallame su. Ya aika aka kira maƙwabcinsa, mutumin da ba a taɓa mayar da shaidarsa ba. Aka kwantar da ita a tsakiyar zaure. Aka kawo takarda da tawada. Maza biyu adilai, suna ganin fuskarta, suna jin muryarta. Duk abin da littafi ya nema ya cika.

Malam ya sunkuya ya ce, "Baiwar Allah, jininki yana wuyan wa?"

Ta buɗe ido. Ba mu take kallo ba. Leɓenta ya motsa, maƙwabcin ya tsoma alƙalami. Ta ce, "Baba." Ta ce, "Inna." Ta ce, "Buhari. Ige. Ummaru." Tana kiransu ne kamar yadda take kira idan tuwo ya sauka. Sa'annan ta ce, "Hafsatu." 'Yar fari ce, ban taɓa jin ta kama sunanta ba tun da ta haife ta, sai ranar.

Malam ya sake tambaya sau uku. Ba ta ƙara cewa kome ba. Ta cika kafin a kira sallar Juma'a. Maƙwabcin ya goge alƙalaminsa ya naɗe takardar, babu ko ɗigo a kanta.

Bayan ta cika malamina ya tambaye ni ko ta faɗa mini sunayen a hanya. Na ba shi labari duka, har da dalilaina. Sa'annan ya ce in je in nemo likkafani.

An aika manzo tungar. Mutum arba'in suka rantse cewa tun hantsi har azahar ba wanda ya bar kunyarsa. Kowa ya shaidi na damansa da na hagunsa. Matan da suka kai fura suka ce ba su ga kome ba. A bakin waɗannan mutane aka fara jin labarin dawakai. Dalilin kisan ban sani ba. Na san dai kafin damina an tambayi Baba iyakar wata fadama a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya sani, wasu fuskoki suka canja. Wannan zato ne, kuma ba na rubuta zato a matsayin hukunci.

Sau ɗaya na koma, bayan Nasara sun zauna, cikin tawagar wani alƙali. An shuka dawa a inda gidanmu yake. Tsofaffin tungar suka durƙusa suna gaishe ni, suna ce mini ranka ya daɗe, aka kawo mini fura ban sha ba. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila huɗun suna ciki, wataƙila sun riga sun mutu a kan gadonsu an yi musu salla. Makaɗin yana nan, ya makance. Na tambaye shi abin da ya hana gangarsa tsayawa da walaha a ranar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu ne ya yi daɗi."

Su ke nan. Ni kuwa ga abin da nake da shi: sau huɗu aka miƙo mini sunayen, a bayan rumbu, da bakin masallaci, da ruga, da gindin tsamiya, sau huɗu na mayar. Da na karɓa, alƙali ba zai yi hukunci da su ba, wannan gaskiya ne har yau. Amma da na sani. Da ita ma ta sauke nauyinsu.

Masu ba da labari suna cewa mutum bakwai aka kashe rana ɗaya. Lissafin bai yi daidai ba, kuma shi ne abin da nake so a gyara. Shida ne ranar Laraba, su ne maƙwabta suka binne, ban san inda aka sa su ba. Ta bakwai ta rayu kwana biyu, da hankalinta da harshenta, ta wuce ta gaban mutane da yawa, har da ni. Kabarinta yana Gwandu, gabas da gari.

A rubuta: Kulu 'yar Sambo ta rasu ranar Juma'a, ashirin da biyu ga watan ƙaramar Salla, kafin azahar, shekara goma sha tara kafin Nasara su shigo ƙasar nan.